Argungu a Lokacin da Ba a Biki

Duk wanda ka ambata wa Argungu, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne hoton dubban masunta sun rufta cikin ruwa da gorunansu, ko na ƙaton giwan ruwa an rataye a ma'auni jama'a sun yi masa zobe. Ni ma da wannan hoton na tashi. Amma da Allah ya nufe ni da taka garin, ba biki ne ya kai ni ba. Ɗaurin auren ƙanen wani abokin aikina muka je, a tsakiyar hunturu. Da aka shafa fatiha baƙi suka fara watsewa, sai na roƙi masu masaukina su bar ni in ƙara kwanaki in ga gari. Suka ce ai gida na zo.

Daga Sakkwato muka tashi da hantsi, tafiyar kusan kilomita 100 ce zuwa kudu maso yamma. Muka wuce Boɗinga da yankin Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato. Hanyar duk jar ƙasa ce da tsakuwa, ga karan gero an tattare a gonaki, ga raƙuma da jakuna ɗauke da kaya, hazo ya rufe nesa. Wanda ya bi wannan hanya ba zai zaci akwai wani ruwan kirki a gaba ba. Sai da la'asar ta yi sanyi, bayan mun huta, abokina ya ja ni bakin gari ta yamma. Nan ƙasa ta gangara, fadama ta buɗe, kore shar iya ganin ido, ga ƙarar injinan ban ruwa ta ko'ina, ga mutane sun duƙa suna dashen shinkafa. Na daɗe a tsaye ban ce komai ba.

Mahaifiyar abokina tsohuwa ce mai zanen Kabawa a kumatu, irin wanda yanzu da wuya ka gan shi a fuskar yaro. Da na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Maraba da baƙo. Ɗana, ina gajiya? Ina kunka baro mutanen gida?" Na ce, "Lafiya lau, Inna, suna gaishe ku." Ta juya ta ce wa jikarta, "Kawo mai tuwo da kihi, wanga yaro ya sha hanya." Tuwon shinkafa ne da miyar ɗanyen kifi. Shinkafar daga gonarsu take, kifin kuma da safen nan aka kamo shi. Kwanakin da na yi a gidan, kusan duk abin da na ci daga gulbin nan ya fito, ko kai tsaye ko ta hanyar gona.

Washegari na tafi gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, ginin ƙasa mai kaurin bango da soraye masu sanyi. A nan sarakuna suka zauna har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada, a 1958 kuma aka mayar da wurin gidan tarihi. Akwai kaburburan sarakuna a ciki, saboda haka mutum yakan shiga ne da ladabi. Wani dattijo mai kula da wurin ya zagaya da ni ɗaki-ɗaki. Masu, takubba, kwari da baka, garkuwoyi, sulke, tambura, layu, tsofaffin bindigogi, sai kuma kayan su da na noma. Abin da ya fi yawa dai kayan yaƙi ne, kuma da ya fara ba ni labari na gane dalili.

Tushen labarin Muhammadu Kanta ne, a farkon ƙarni na 16. Yana cikin waɗanda suka taya Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Azbin. Da aka dawo sai rabon ganima ya haɗa su, a wajen 1516 Kanta ya ce ya daina bi. A wancan zamani babu daular da ta kai Songhai ƙarfi a wannan yanki na Afirka, amma rundunar da aka turo masa ba ta iya karya shi ba, wani Askiya daga baya ya sake gwadawa shi ma aka kora shi. Malaman Tumbutu sun rubuta wannan a littattafansu na tarihi, don haka ba a bakin maroƙa kaɗai labarin ya tsaya ba. Kanta ya gina birane masu ganuwa, Surame da Gungu da Leka, kuma har yau gidan sarautar Argungu Lekawa ake ce musu. Ya gwabza da Barno har wajen Nguru. A hanyarsa ta komowa gida aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, raunin ya zama ajalinsa.

Surame ce babban birninsa. Kangonta yana cikin Jihar Sakkwato a yau, ganuwar dutse da ƙasa mai tsawon kilomitoci. Gwamnatin Najeriya ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1964, a 2007 kuma aka shigar da shi jerin wuraren da ake neman UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Shaidar da ta fi burge ni a kan girman Kabi daga bakin abokin gaba ta fito: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa kangayen biranen Kabi sun zarce duk waɗanda ya taɓa gani. Na so ƙwarai in je in ga Surame da idona. Masu masaukina suka ce hanyar ba ta da daɗi a wannan lokaci, na haƙura.

A wajen 1700 aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya mayar da fada Birnin Kebbi. Can suke har jihadi ya zo. A 1805 rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Daga nan ne labarin Argungu ya fara, domin Kabawa ba su miƙa wuya ba. Hodi ya yi ta faɗa har aka kashe shi a 1826. Ƙanensa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya kafa zama a Argungu ya ci gaba, shi ma aka kashe shi a 1831. Dattijon ya ce da Karari ya ga an rutsa shi, sai ya sauka daga doki, ya shimfiɗa garkuwarsa ya zauna a kai ya jira ajali. Yana faɗin wannan muryarsa ta yi ƙasa, kai ka ce bara abin ya faru.

Ɗan Karari, Yakubu Nabame, aka tafi da shi Sakkwato, ya yi shekaru da dama a hannun Sarkin Musulmi. Da aka sake shi ya dawo gida, a 1849 ya ɗaga tutar tawaye, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. Tun daga ranar ba a sake cin Argungu da yaƙi ba. Nabame ya faɗi a fagen fama a 1854. Magajinsa Yusufu Mainasara shi ma kashe shi aka yi a 1859, shekara ta zagayo Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a hannun Kabawa. Kowane ɓangare ya binne manyansa. A zamanin Abdullahi Toga aka samu sulhu na shekara takwas, daga 1867 zuwa 1875, wanda har yau ake kira Lafiyar Toga. Na tambayi dattijon me ya sa ake tunawa da shekara takwas a cikin ƙarni guda. Ya ce, "Malam, shi ne lokacin da talaka ya yi noma ya ci abinai." Bayan Lafiyar Toga ta wargaje sai zamanin Sama'ila, wanda ake ce wa Sama, da ya hau a 1883. Shi ne ya tari rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1892 ya mayar da ita baya. Shi ne kuma Turawan Ingila suka tarar, ya karɓe su a 1902, kuma wani ɓangare na sojojin da suka ci Sakkwato a 1903 daga Argungu suka tashi. Wannan ma yana cikin tarihin garin, dattijon bai ɓoye mini ba. Ribar da Kabi ta samu ba ta taka kara ta karya ba, domin da Ingila da Faransa suka ja iyaka, yawancin ƙasashen abokan ƙawancenta can suka faɗa a ɓangaren Faransa, inda yau take Jamhuriyar Nijar.

A nan zan ɗan tsaya in faɗi abin da ke raina. Mu da muka yi karatu a wasu sassan Arewa, tarihin ƙarni na 19 ta ƙofar Sakkwato da Gwandu aka shigar da mu, kuma ina girmama wannan tarihi da malaman da suka kafa shi. Sai dai a darasin, Kabawa sukan fito ne a layi biyu, a matsayin waɗanda suka ƙi bi. Da ka zauna a cikin soron nan, kabarin sarakunansu na kusa da kai, sai ka ga mutane ne masu sallah da malamai, masu daular da ta girmi jihadi da kusan shekara 300, waɗanda suka ga ƙasarsu ce ake neman karɓewa. Ba sai mutum ya zaɓi ɓangare ba kafin ya yarda cewa yaranmu sun cancanci jin labarin daga bakin gidajen biyu. Dukansu kakanninmu ne.

Sanin wannan tarihi shi ke sa mutum ya fahimci nauyin abin da ya faru a 1934. A shekarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, ya sauka a matsayin baƙo a garin da magabatansa suka sha zuwa da yaƙi. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya masa gagarumin su a gulbi. Ni a nawa ganin, akwai hikima a wannan zaɓi. Mutanen da ɗakunansu ke cike da masu da takubba, da suka tashi karrama tsohon abokin gaba, sai suka nuna masa sana'ar da suke ci da ita. Daga wannan ziyara bikin ya samo asali. Ya yi ta girma har a 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta tare, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Da yamma na gangara Matan Fada, inda ake yin gasar. Babu kowa sai 'yan yara da wasu mata masu wanki daga nesa. Rumfunan 'yan kallo shiru. Ruwan bai kai faɗin da nake zato ba, har na yi mamakin yadda yake ɗaukar dubban mutane a lokaci guda. A gindin wata bishiya na tarar da wani tsohon masunci yana ɗinkin homa, wato komar hannu mai baki kamar baka wadda ake riƙe guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Gorarsa na gefe, ƙatuwa, ta yi santsi saboda daɗewa. A kanta masunci yake kwanciya ya yi iyo, a cikinta kuma yake zuba abin da ya kama. Na yi sallama, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya amsa, ya matsa mini gefen tabarma.

Hirar da muka yi da shi ita ce ta fi komai tsaya mini a wannan tafiya. Na fara tambayarsa ranar biki, ya ba ni a taƙaice: a jeru a bakin gaɓa, a buga bindiga, a ruga, makaɗa na cikin jirage suna zuga, bayan kamar sa'a guda a fito a auna. Akwai kuma wasannin Kabanci, tseren jirage da ninƙaya da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Ya faɗe su ne kamar mai karanta abin da kowa ya sani. Da na tambaye shi me ya sa ba na ganin kowa yana su a wurin yanzu, sai ya ajiye allura ya gyara zama.

Ya ce ruwa yana da masu shi. Akwai Sarkin Ruwa, wanda lafiyar gulbin ke hannunsa, akwai Homa, shugaban masunta. Wannan yanki na Matan Fada a rufe yake, ba a taɓa shi sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa kifi ke samun wurin girma. Sauran wurare ma kowanne da lokacinsa. Tun kafin a san da wani biki akwai gyaran ruwa, akwai fashin ruwa, wato ranar da ake buɗe su ga kowa bayan an tsare ruwan. Wanda ya saci su kafin lokaci, ko ya zuba magani a ruwa, ko ya sa koma mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, akwai inda ake kai shi, kuma kunyar da zai sha a gari ta fi tarar da zai biya. Ya lissafa mini kayan aiki, birgi da taru da mamari da gura da undurutu, da irin ruwan da kowanne ya dace da shi. Ya lissafa kifaye, giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, ramboshi, ƙurungu, da watan da kowanne ke ƙwai.

Ina sauraronsa ina tunanin tarurrukan da ake yi a manyan otal a kan kare muhalli. Ga mutane nan da suka daɗe da tsarin hana kamun kifi a lokacin haihuwarsa, da wurin da aka keɓe, da shugabanni, da hukunci, ba tare da takarda ko ɗaya ba. Sa'a gudan nan da duniya ke zuwa kallo, amfanin haƙurin wata goma sha ɗaya ne da garin ya ɗora wa kansa. In babu wannan haƙuri, babu kifi mai kilo 78 irin wanda ya ci gasar 2020.

Sai dai tsohon bai ɓoye damuwarsa ba. "Ɗana, ruwan ga ba shi ne munka gada ba," in ji shi. "Da, in damina ta yi, hwadama duk ruwa ta, kihi shi hau cikin haki shi yi ƙwai. Yanzu wata shekara ruwa ba su isowa, wata shekara su zo su ci gari." Abin da yake faɗa yana da tushe. Gulbin da ya ratsa Argungu haɗuwar ruwa biyu ne, Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima, waɗanda ke gamuwa kusa da birnin Sakkwato su gangaro ta nan, su wuce Birnin Kebbi su faɗa Kwara. An datse na farkon a Bakalori kusa da Talatar Mafara a 1978, na biyun kuma a Goronyo a 1984. Madatsun sun amfani manoman da ke kusa da su, amma sun rage ambaliyar shekara-shekara da kifi ke hayayyafa a cikinta, wadda kuma ke shimfiɗa wa fadama sabuwar laka. Ga yashi da ke cike gulbin. A 2006 ƙarancin ruwa ya hana gasar su. A shekarun ruwa mai yawa kuwa, kamar 2010 da 2020, sai abin ya juye ya zama ɓarna. A 2020 ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa suka nutse a Jihar Kebbi ana dab da girbi. Duk manomin da na yi wa maganar shekarar sai ya girgiza kai kafin ya amsa.

Shinkafa ita ce ta biyun kifi a Argungu, ko ma in ce a yau ta sha gabansa wajen ciyar da gidaje. A Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu, mai iya sarrafa tan 120,000 a shekara a lokacin. Za ka ga manyan motoci sun yi layi da buhunan shanshera. Amma ni abin da ya fi jan hankalina matan da ke gumi a cikin gida ne. A unguwar da na sauka, kusan kowane gida akwai tukunya a kan murhu da shinkafa shanye a tabarma. Da wannan sana'a mata da yawa ke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suna biyan kuɗin makaranta, ba tare da sun fita ƙofar gida ba.

Wani ƙanen abokina ya kai ni gonarsa ta rani. Ya nuna mini 'yar rijiyar da aka haƙa da bututu, da injin da ke jan ruwa. Ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mai ya zama shi ne babban ciwon kan mai noman rani, domin shinkafa ba ta jure ƙishi. Masu hali sun koma injin mai aiki da hasken rana, wasu sun juya nasu zuwa gas, marasa hali sun rage faɗin gona. Ga taki ya yi tsada, ga farashin shanshera yana hawa yana sauka ba tare da manomi ya san dalili ba. Duk da haka yana dashe. Na tambaye shi ko ya taɓa tunanin tafiya birni neman aiki. Ya ce, "Yaya, in na tahi wa zai riƙe ma tsohuwa gona?"

Da dare, bayan sallar isha'i, akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan wani malamin makaranta, a kawo shayi. Nan na ji yadda garin ke tafiyar da kansa. Masarautar Argungu ɗaya ce daga cikin huɗu na Jihar Kebbi, tare da Gwandu da Yawuri da Zuru, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Argungu, Augie, Arewa da Dandi. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, yana kan gado tun 1996, bayan mahaifinsa Muhammadu Mera da ya hau a 1959. A tsarin mulki, kuɗi da iko suna hannun ƙaramar hukuma da jiha. Amma in shanu sun shiga gona, ko an yi rikicin iyakar fadama bayan ruwa ya janye ya share alamomi, ko gado ya rikice, wurin mai unguwa ake fara zuwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Yawancin rigingimu a nan suke mutuwa ba su kai kotu ba. Ta wannan tsani ne kuma aka bi aka shawo kan iyaye a yaƙi da cutar shan inna, kuma Sarkin Argungu na cikin sarakunan Arewa da suka ja gaba a wannan aiki, har aka tabbatar da kawar da cutar daga Najeriya a 2020. Wani ma'aikacin lafiya a majalisar ya ce in mai unguwa ya riga ka shiga gida, rabin aikinka ya ƙare.

Ba a kan komai bakinsu ya zo ɗaya ba. An yi doguwar gardama a kan bikin kansa. Bayan na 2009 an yi shekara goma ba a yi ba, galibi saboda matsalar tsaro, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. Wani matashi da ya gama Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke garin ya ce shekarun nan goma sun nuna cewa bai kamata gari ya jingina da mako guda ba. Baƙi su zo su tafi, a kashe kuɗi wajen fenti da rumfuna, sannan masaukai su koma kufai har wata shekara. Shi yana son a yashe gulbi, a yi wa masunta wurin adana kifi mai sanyi, a gyara gidan tarihi yadda ɗalibai za su riƙa zuwa kowane wata. Wani dattijo ya ce masa, "Yaro, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ba don bikin ga ba, wa zai san da mu har shi zo shi yashe muna gulbi?" Na ga gaskiya a bakin kowannensu, ko da yake zuciyata ta fi karkata ga matashin. Abin da ya faranta mini rai shi ne yadda yaron ya faɗi ra'ayinsa a gaban manya da ladabi, su kuma suka saurare shi har ya kai aya.

Da hira ta zo kan tsaro sai murya ta sauka. A watan Nuwamba na 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kore shanu a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, mutanen gari suka bi sawu, aka kashe mutum 15. Mera ba nisa gare ta ba, kusan kowa a majalisar ya san wani da abin ya shafa. Sun yi maganar da alhini, sun yi addu'a, suka kuma yi maganar yadda ake kai rahoton baƙuwar fuska ga mai unguwa. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023 shi ma ya taɓa su ƙwarai, domin ga mutumin Kamba ko Kangiwa, Gaya da Doso da Dogon Dutsi garuruwan dangi ne da surukai da abokan ciniki. Ƙawancen da Nabame ya ƙulla da Arawa da Zabarmawa da Dandawa yana nan a cikin auratayya da kasuwanni, layin da Turawa suka ja bai goge shi ba.

Ranar da zan tafi, Inna ta sa aka ƙulle mini kifin banda da 'yar shinkafa a buhu. Na ce ɗawainiyar ta yi yawa. Ta ce, "Kai dai ka gaida mutanen gida, Allah shi kiyaye hanya." Ban koma ta Sakkwato ba, na shiga motar Birnin Kebbi, tafiyar kamar kilomita 50. Ba mu yi nisa ba muka iso Alwasa. A nan ne a ƙarshen 1805, watanni kaɗan bayan faɗuwar Birnin Kebbi, Kabawa da Gobirawa da Azbinawa suka haɗu suka yi wa rundunar jihadi mummunar ɓarna, har suka bi ta zuwa Gwandu kafin a mayar da su baya. Direba ya tsaya ɗaukar wata mata da buhunan shinkafa biyu, fasinjoji suka shiga gardamar nawa ake sayar da kwano a kasuwar jiya. Muka wuce Ambursa inda filin jirgin sama yake, muka shiga Birnin Kebbi da azahar. Tsohon birnin Kabawa ne, amma fadar Sarkin Gwandu ce a cikinsa yau, kuma a nan sarakunan masarautun huɗu ke zama majalisa ɗaya tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 aka sa mata sunan daular Kanta. Na yi sallah a masallacin tasha, na nemi motar Jega.